Zan Ajiye Aiki In Buɗe Mujallar Motoci, Mahaifina Ya Ce Shirme Ne

Tambaya

Assalamu alaikum. Shekarata 27, na karanta injiniyancin injina, kuma shekara uku ke nan ina aikin albashi a wani kamfani. Tun ina yaro babu abin da ke ɗauke mini hankali kamar mota. Ina rubuta ra'ayina kan motoci a shafina na Facebook, mutane suna yabawa, wasu ma sai sun tambaye ni kafin su sayi mota. Na tara ɗan kuɗi, ina so in ajiye aiki in fara buga mujallar motoci ta takarda duk wata, in riƙa gwada sababbin motoci ina rubutawa. Mahaifina ya ce shirme ne, wai babu mai hankalin da zai bar albashi ya koma yawo a motocin mutane. Ni kuma ina ganin in ban yi yanzu ba, ba zan taɓa yi ba. Ta ina zan fara?

Daga mai son mota da rubutu

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ajiye aikinka yanzu, kuma kada ka kai wa maɗaba'a ko kwabo daga abin da ka tara. Wannan ba yana nufin sana'ar shirme ce ba. Mujallar Autocar ta Ingila tana fitowa tun 1895, Auto Motor und Sport ta Jamus tun 1946, Motor Trend ta Amurka tun 1949, Quattroruote ta Italiya tun 1956, kuma mutane da yawa sun yi aure sun riƙe gida da wannan aiki. Matsalar ita ce ka haɗa sana'a biyu ka ɗauka ɗaya ce. Rubutu kan motoci aikin jarida ne. Buga mujalla kuwa kasuwanci ne na takarda da talla da bin bashi, kuma wanda ya faɗa cikinsa shi ne mutumin da ya fi kowa rashin lokacin tuƙi. Ta farko za ka iya farawa a wannan makon ba tare da ka bar albashinka ba. Ta biyu tana buƙatar abubuwan da ba ka tara ba tukuna, kuma kuɗi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Bari mu fara da abin da aikin yake a zahiri. Tuƙi ɗan ƙaramin kaso ne na makon ɗan jaridar mota. Sauran lokacin yana kan kujera: yana buga waya ofishin hulɗa da manema labarai na kamfani don a tabbatar masa da nauyin mota, yana rubuta gajerun labarai, yana cike jadawalin alƙaluma, yana rubuta bayanin ƙarƙashin hoto, yana datse rubutu mai kalma 900 ya koma 600 saboda an sayar da rabin shafin ga mai talla. Edita in zai ɗauki mutum, abin da ya fara dubawa shi ne ko ya iya rubutu mai tsabta, ko yana kawo aiki ranar da aka ce, ko alƙalumansa suna fitowa daidai. Jeremy Clarkson, wanda duniya ta sani ta shirin Top Gear, a wata ƙaramar jaridar gari mai suna Rotherham Advertiser ya koyi aiki, yana rubuta labaran yau da kullum. Karatunka na injiniya jari ne, domin za ka gane inda takardar kamfani ta yi kwalliya da magana. Amma yana da tarko: injiniya yakan rubuta wa injiniya. Mai karatu bai damu da sunan tsarin shokozoba ba. Yana so ya sani ko matarsa da ke zaune a baya za ta ji jijjiga in an shiga gargada.

Abin da zai raba ka da dubban masu ra'ayin mota a intanet shi ne awo. Kowa yana iya cewa mota "ba ta shan mai". Wanda ya auna ya faɗi yadda ya auna, shi ake komawa wurinsa. Don haka ka koyi wannan tun kafin wani kamfani ya san da zamanka.

Ɗauki awon mai. Kada ka dogara da abin da allon mota ya nuna, yakan yi rangwame. Ka je gidan mai, ka tsaya a wuri mai daidaito, ka cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa karon farko, ka hana a ƙara. Ka mayar da malejin tafiya zuwa sifili. Ka yi aƙalla kilomita 300, ka haɗa cikin gari da babbar hanya. Ka dawo famfon nan dai, ka tsaya yadda ka tsaya da farko, ka sake cikawa har ya tsaya. In ta sha lita 24.6, ka raba da 300 ka ninka da 100, ka sami lita 8.2 a kowace kilomita 100, wato kilomita 12.2 a lita ɗaya. Me ya sa sai tafiya mai nisa? Saboda famfo yana iya tsayawa da bambancin rabin lita. A tafiyar kilomita 40, rabin litar nan zai karkatar da sakamakonka da fiye da lita ɗaya a kilomita 100. A tafiyar 300 kuwa bai kai lita 0.2 ba. Ka rubuta ko na'urar sanyaya ciki tana kunne, da mutum nawa ne a motar, da yanayin zafi. Alƙalumman da kamfanoni ke bugawa daga gwajin ɗaki suke fitowa. A Turai an fara maye gurbin tsohon gwajin NEDC da sabon gwaji mai suna WLTP a watan Satumba na 2017, saboda na farkon ya yi nisa da abin da direbobi ke gani a hanya. Idan za ka kawo adadin kamfani, ka faɗi wane gwaji ne, ka ajiye shi kusa da naka.

Sai awon saurin tashi daga tsaye zuwa kilomita 100. A nan masu koyo ke yawan faɗuwa, domin suna kallon allurar maleji suna danna agogon waya. Maleji yana ƙara wa mota gudu da gangan: ƙa'idar da Turai da ƙasashe da yawa ke bi ta hana shi nuna ƙasa da ainihin gudun, amma ta yarda ya nuna sama da shi har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Allura tana iya nuna 100 alhali motar 95 take yi. Manyan mujallu suna amfani da na'urar GPS ta musamman irin VBOX, wadda ke ɗaukar awo sau da yawa a sakan ɗaya. GPS ɗin waya yawanci sau ɗaya yake ɗauka a sakan, bai isa ba, amma akwai ƙananan na'urori masu ɗauka sau 10 da ake haɗawa da waya. Ana yin gudun ta ɓangare biyu, zuwa da dawowa, a ɗauki matsakaici, don iska da gangara su kashe juna. Ana auna iskar taya tun tayar tana da sanyi, a daidaita da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Ka kuma kula cewa mil 60 kilomita 96.6 ne, saboda haka adadin mujallar Amurka da na ta Jamus ba abu ɗaya suke aunawa ba. Haka ƙarfin inji: kilowat ɗaya doki 1.34 ne a lissafin Ingila da Amurka, 1.36 a lissafin Jamus, shi ya sa za ka ga mota ɗaya an rubuta 148 a nan, 150 a can. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Awon birki daga kilomita 100 zuwa tsayawa, wanda motocin zamani ke yi a tsakanin mita 35 zuwa 40 a busasshiyar kwalta, ana maimaita shi a jere don a ga ko birkin yana laushi in ya ɗauki zafi. Duk waɗannan a filin da aka rufe ake yinsu, da izinin mai wurin. In ba ka da irin wannan fili, ka bar su gaba ɗaya. Babu rubutun da ya kai a yi gwajin birki a hanyar da mutane ke bi.

Abin farin ciki, awon da ya fi amfanar mai saye ba ya buƙatar gudu. Tef ɗin awo ya isa. Ka daidaita kujerar direba yadda ta dace da kai, ka koma baya ka zauna, ka auna tazarar gwiwarka da bayan kujerar. Ka auna faɗin but a inda ya fi ƙunci, tsakanin tudun tayoyi, da tsayin bakinsa daga ƙasa, domin shi ne mai ɗaga kaya zai ji a bayansa. Ka ɗaga shimfiɗar but ka gani ko akwai safaya ko ɗan famfo da gam aka ajiye. Ka tafi da akwati ɗaya da kujerar jariri ɗaya a duk gwajin da za ka yi, don mai karatu ya iya kwatanta wannan mota da ta watan jiya. In motar lantarki ce, ka rubuta wutar da ta ci a kilomita 100 da mintunan da caji ya ɗauka daga kashi 10 zuwa 80, tare da ƙarfin wurin cajin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Sababbin motocin da 'yan jarida ke tuƙawa ba nasu ba ne. Kamfani ne ke bayar da aro, yawanci na mako guda, ko ya gayyace su bikin fito da mota ya biya jirgi da masauki. A irin wannan biki mutum biyu ke raba mota ɗaya na 'yan sa'o'i, a hanyar da kamfanin ya zaɓa domin ta dace da motar. Motar kuma galibi ita ce mafi tsada a jerin, an cika ta da kayan ƙari, makanikai sun duba ta ciki da bai. Sannan kamfanin nan shi ne mai sayen shafin talla. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma askin a wannan sana'a ba ƙarya ba ce kai tsaye, shiru ne: ka ga aibi ka binne shi a sakin layi na tara. Maganin sai ka kafa wa kanka dokoki tun ba ka da abin asara. Ka faɗa a rubutun wa ya ba da motar, wa ya biya tafiyar. Ka kira tuƙin sa'a uku "ɗanɗanon farko", kada ka kira shi gwaji. Ka rubuta girman tayar da ke kan motar da kayan da aka ƙara mata. Kada ka tura wa kamfani rubutunka ya duba kafin ya fita. Alƙaluma kaɗai ake tura musu su tabbatar. Abin da za ka mutunta shi ne wa'adin da suka sa na ranar da sa'ar da za a saki labari. In ka amince da shi ka karya, ba za a sake gayyatarka ba, kuma da gaskiyarsu.

Akwai dalilin da ya sa muke nanata wannan. A watan Oktoba na 1997 mujallar Teknikens Värld ta Suwidin ta yi wa sabuwar Mercedes A-Class gwajin kauce wa abu kwatsam a dawo hanya, a gudun kusan kilomita 60, motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya gyara ƙafafunta, ya sa mata na'urar ESP mai hana zamewa, sannan ta koma kasuwa a 1998. Gwaji ɗaya da aka saba yi wa kowace mota iri ɗaya ne ya jawo haka. A ɗaya gefen, maguɗin hayaƙin dizal na Volkswagen da ya fito fili a Satumba 2015, wanda ya shafi motoci kusan miliyan 11, ba mujallar mota ce ta gano shi ba. Masu bincike ne na Jami'ar West Virginia, da ƙungiyar ICCT mai bincike kan tsabtar sufuri ta ɗauki nauyinsu, suka ɗaura na'ura a bayan mota suka hau hanya. Shekaru ana yabon motocin a shafuka masu sheƙi, babu mujallar da ta gano. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta zaɓi wata hanya: tana sayen motocin gwajinta da kanta kamar kowane mai saye, kuma ba ta karɓar talla. Kai ba za ka iya haka ba, amma ka san cewa ita ce ma'aunin. Ka kuma sani cewa suka tana da tsada: bayan mujallar ta ce Suzuki Samurai ba abar karɓa ba ce a 1988, kamfanin ya kai ta kotu a 1996, ba a sasanta ba sai 2004. Saboda haka ka rubuta abin da ka gani ka auna, ka adana hotuna da takardar awonka. "Birkin wannan motar da na gwada ya yi laushi a tsayawa ta biyar" magana ce da za ka iya karewa. "Kamfanin nan yana sayar da motoci marasa birki" sammaci ce.

To ina za ka sami mota alhali babu wanda ya san ka? Ka manta da sababbi tukuna. Masu sayen motar hannu sun fi masu sayen sabuwa yawa, kuma su ne aka fi bari ba jagora. Ka zaɓi samfuri ɗaya da ya yi shekara takwas ko goma a hanya. Ka zauna da makanikai uku da suka saba da shi, kowanne daban, ka tambaye su me ke fara lalacewa, a wane maleji, me ke jawo shi, wace alama mai saye zai duba. Ka yi magana da masu motar biyar. Ka duba ko kamfani ya taɓa kiran samfurin don gyara wani lahani. Abin da mutum ɗaya ya faɗa labari ne. Abin da uku suka faɗa ba tare da sun ji juna ba shi ne za ka buga. Irin wannan rubutu yana rayuwa shekaru, kuma edita yana ganinsa ya san cewa ka iya tambaya. In za ka ari motar wani ka tuƙa, ka tabbata inshorarta ta rufe ka, ka san nawa ne zai faɗo kanka in an yi karo, ka ɗauki hoton kowane gefe da malejin da ma'aunin mai kafin ka tayar da ita. Kamfanoni da yawa ba sa ba wanda bai kai shekara 25 ba motar gwaji saboda inshora, kai ka wuce wannan shingen.

Idan ka tara rubutu shida da ba ka jin kunyarsu, ka fara tuntuɓar editoci. Ka karanta fitowa uku na mujallar ko shafin kafin ka rubuta musu. Wasiƙar kada ta wuce kalma 150: kanun da kake hange, abin da labarin zai nuna, me ya sa yanzu, wa za ka yi hira da shi, tsawonsa, ranar da za ka kawo, ko akwai hotuna, sai mahaɗin rubutunka biyu. "Ina son motoci tun ina yaro" ba ya shiga, duk wanda ya rubuto musu haka ya ce. In shiru ya yi mako guda, ka tuna musu sau ɗaya, sannan ka kai wani wuri. In an karɓa, a rubuta maka abu huɗu kafin ka fara: nawa za a biya, yaushe, me za a ba ka in an fasa bugawa, kuma wa ke da haƙƙin rubutun da hotunan bayan an buga. Kada ka fara da manyan mujallu kaɗai. Jaridun da ke da shafin mota na mako, shafukan sayar da motoci da ke buga sharhi, da mujallun 'yan kasuwar sufuri da kayan gyara sun fi buƙatar marubuci, kuma sun fi biya a kan lokaci.

Ka koyi hoto, ko don kada ka riƙa raba kuɗin aikinka biyu. Kowane gwaji yana buƙatar gaba da gefe a hoto ɗaya, baya da gefe, gefe sak, gaban direba, kujerun baya, but a buɗe, inji, da motar tana tafiya. Da sassafe ko gab da faɗuwar rana ake ɗauka, ka durƙusa daidai fitilar gaba, ka duba kada turken wuta ya tsiro daga rufinta. A hoton tafiya, ka sa saurin makullin kyamara wajen 1/80 na sakan kana bin motar da hannu, don tayoyi su nuna juyawa. In ka sa 1/1000 za ta fito kamar a fake take. Bidiyo ma yanzu ba a raba shi da aikin, kuma a nan sauti ya fi kashe mutane: ƙaramin makirufo a wuyan riga ya fi sabuwar kyamara amfani.

Sai mujallar taka. Mu yi lissafin tare. Shafukan mujalla da huɗu-huɗu suke tafiya, maɗaba'a kuma ta fi son 16-16 saboda girman takardar da injin ke bugawa a naɗe. A ce shafi 64 da bango 4. A ce ka sayar da 16 ga masu talla, saura 48. In kowane shafi ya ɗauki kalma 400 tare da hotuna, kalma 19,200 ke nan duk wata, da hotuna sama da ɗari, da mai tsara shafi, da mai tace rubutu wanda ba kai ba ne, domin ido ba ya ganin kuskuren hannunsa. Kafin ta watan nan ta fito daga maɗaba'a, ya kamata ta watan gobe ta kai rabi. Mutum ɗaya yana iya fitar da ta farko da zumuɗi. Ta uku ce ke kayar da mutane.

Kuɗin kuma ga yadda suke tafiya. Maɗaba'a tana karɓar nata kafin ko lokacin ɗaukar kaya, kuma babban kason kuɗin na shirya faranti da tayar da inji ne, shi ya sa kwafi kaɗan ke fitowa da tsada. Mai rarrabawa da mai sayarwa suna cire kusan rabin farashin da ke rubuce a bango, kuma abin da bai sayu ba naka ne, ba sa biya. A ce ka buga 3,000 aka sayar da 1,500. Abin da zai shigo hannunka daidai yake da cikakken kuɗin kwafi 750, kuma da shi za ka biya buga 3,000. Zai iso bayan watanni. Mai talla shi ma sai mujalla ta fito ya gani, sannan ya ɗauki kwana 30, 60 ko 90. Wato za ka biya bugu uku ko huɗu daga aljihunka kafin kuɗin na farko su dawo. Mai talla kuma ba ya sayen shafi don rubutu ya yi daɗi, yana tambayar mutum nawa ke karantawa, su wane ne, wa ya tabbatar. Sabuwar mujalla ba ta da amsa. Manya ma abin ya taɓa su: a watan Disamba na 2019 kamfanin da ke buga Motor Trend a lokacin ya sanar da daina buga mujallu 19 daga cikin 22 da yake da su a takarda, har da Automobile. Waɗanda ke tsayawa a takarda yanzu galibi masu fitowa jefi-jefi ne, masu kauri da tsada, da masu karatu suka biya tun kafin a buga.

Wannan ita ce ƙofar da ta rage a buɗe gare ka. Ka tara masu karatu a intanet, amma ka tara su a inda kake riƙe da su, wato jerin adireshin imel na waɗanda suka yarda ka riƙa aiko musu, domin mabiyan Facebook na Facebook ne. Ka riƙa fitar da rubutu ɗaya mai nauyi duk mako, a rana ɗaya, shekara guda. Bayan nan ka gwada fitowa ta musamman guda ɗaya, misali jagorar sayen motar hannu, ka buɗe oda, ka buga adadin da aka biya da ɗan ƙari. In mutane ba su biya ba, ka sami amsarka ba tare da ɗaki cike da takarda ba. In sun biya, sai a yi maganar sau biyu ko huɗu a shekara.

Ranar da za ka kai aiki maɗaba'a, ga abubuwan da ke ɓata bugun farko. Hoto ya kasance ɗigo 300 a inci a girman da zai fito. Cikakken shafin A4 da rarar yanka yana son ɗigo kimanin 2,550 a faɗi da 3,580 a tsawo. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, a sake turo shi a matsayin fayil. Launi a juya shi zuwa CMYK, wato tsarin launi huɗu da injin maɗaba'a ke bugawa da shi, in ba haka ba jar motar da ke ƙyalli a allo za ta fito kamar bulo. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe, rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla milimita 5, saboda wuƙa ba ta sauka wuri ɗaya kullum. Ƙananan haruffa baƙi zalla za a yi su, in aka haɗa su da launi huɗu suna fitowa da inuwa. Motar da za ta ratsa shafi biyu kada tambarinta ko fuskar mutum ya faɗa a tsakiya. Takardar ciki mai nauyin giram 90 zuwa 115, bango 200 zuwa 250. Wadda ta fi haka sirantaka hoton baya yana leƙowa. Ka nemi samfurin bugu ka sa hannu kafin a tayar da inji. Ka nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla mai lamba takwas, daga cibiyar ƙasarka, ka bincika rajistar da doka ta ɗora wa masu buga jarida a inda kake. Duk shafin da aka biya, ko da an rubuta shi kamar labari, a sa masa "Talla" a sama ƙarara.

Maganar Baba kuma, kada ka je masa da gardama. Abin da yake tsoro shi ne ya ga ɗansa ya zubar da tabbas ya kama iska, kuma a yadda ka tsara abin, tsoron yana da tushe. Ka koma ka ce masa ka fasa barin aiki, ka nuna masa sharuɗɗan da ka ɗora wa kanka a rubuce: ba za ka ajiye albashi ba sai an buga maka rubutu aƙalla ashirin a wuraren da ba naka ba, sai editoci uku suna ba ka aiki a kai a kai suna biya, sai kuɗin rubutu ya kai rabin albashinka wata shida a jere, sai kana da ajiyar da za ta riƙe ka wata shida wadda ba ta cikin jarin mujalla. Ka kai masa rubutun farko da aka biya ka ya gani da idonsa. Kafin duk wannan, ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta abin da ta ce kan aikin gefe. In kamfaninku yana da wata alaƙa da motoci, mai, taya ko kayan gyara, ka sanar da shugabanka a rubuce, kuma kada ka yi sharhi kan kayansu ko na abokan gasarsu muddin kana karɓar albashinsu.